Yadda Ake Buɗe Ramin Ɗibar Marmara da Jar Ƙasa Ba Tare da Ya Rufta wa Kowa Ba

Duk ginin da aka ɗaga harsashinsa sai an yi masa ciko, hanyar da ruwa ya cinye sai an zuba mata marmara, mai buga tubali kuma ba ya rabuwa da jar ƙasa. Duk wannan ƙasa daga wani wuri ake haƙo ta. Tsofaffin kududdufan da ke cikin biranen Kano da Zariya da Katsina ramukan ɗibar ƙasa ne, daga cikinsu aka ɗebi abin da aka gina ganuwa da gidaje. A ido aikin ba shi da wuya, diga ce da shebur, shi ya sa ake raina shi, shi ya sa kuma ba a rasa jin labarin gaɓa, wato bangon ramin, ta danne masu haƙa. Yawancin irin wannan asara daga abu ɗaya take fitowa: cin gaɓa ta gindi maimakon a saukar da ita ta sama.

Bayanin nan na ƙaramin rami ne, wanda ake haƙa da hannu ko a ɗauko hayar katafila ta kwana ɗaya ko biyu, kuma zurfinsa bai wuce mita 3 ba. Abin da ya zarce haka, ko wurin da sai an sa nakiya, aikin injiniya ne.

Kayan aiki

- Diga, ɗaya ga kowane mai haƙa, da ƙota biyu ko uku a ajiye domin suna karyewa
- Shebur, da fartanya ko garma ta kwashe ƙasar sama
- Dagi da babbar guduma, saboda marmarar da ta daskare
- Baro da kwanon sarki
- Tef na awo mai mita 30 ko 50, igiya, da turaku akalla 20
- Tiyo siriri mai haske da ake cika shi da ruwa don daidaita ƙasa
- Miƙaƙƙen katako mai mita 1, da zare ɗaure da dutse
- Tsani mai ƙwari
- Kwalba mai faɗin baki, wadda ake ganin cikinta, da ɗan gishiri
- Hular kwano, takalmi rufaffe, safar hannu, takunkumin ƙura
- Ruwan sha mai yawa, usur, da waya mai caji

In babu tef mai tsawo, a auna igiya da ƙaramin tef na kafinta, a ƙulla ta duk bayan mita 1. Igiyar leda tana miƙewa in ta sha rana, don haka a riƙa sake gwada ta. In babu tsani, a sassaƙa matakala a jikin gefen da ya fi kwanciya. Hular kwano ce ba ta da madadi.

1. Ka san yawan ƙasar da kake nema

Ana auna ƙasa da kubik, wato tsawo mita 1, faɗi mita 1, zurfi mita 1. Kwanon sarki yana cin wajen lita 17 zuwa 18, huɗu su cika baro, baro 14 zuwa 15 kuma su ba da kubik guda.

Ƙasa tana da awo uku, a nan sabon shiga yake ruɗewa. Tana kwance a rami awonta daban. In an haƙe ta ta warware sai ta kumbura da wajen kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. In an zuba an daɓe kuma sai ta koma ta matse. A ce za ka cike gida mai tsawon mita 12, faɗin mita 10, kaurin ciko rabin mita. Wannan kubik 60 ne bayan daɓe. A cikin mota za ka ɗauko wajen kubik 78 na sakakkiyar ƙasa, a rami kuwa ka ƙiyasta kubik 66 har da abin da zai zube a hanya. In kaurin ƙasa mai kyau a wurin mita 1.2 ne, fili mai mita 11 da mita 5 ya ishe ka, sai ka ƙara mita 2 a kowane gefe saboda kwantar da gaɓa. Lebura ɗaya yana haƙa kubik 2 zuwa 4 a yini gwargwadon taurin ƙasa, ke nan mutum biyar za su gama wannan cikin kwana huɗu zuwa bakwai.

2. Zaɓen wuri

Marmara ta fi samuwa a tudu da fako, inda ciyawa ba ta yin ƙarfi, ana ganin jajayen tsakuwoyi a sarari. Ka duba bakin tsofaffin ramuka, da gefen kwazazzabo, da ƙasar da aka fitar daga rijiyoyin unguwar, da launin suri. Duk suna nuna abin da ke ƙasa tun ba ka saka diga ba. Ka guji fadama da dabaro, baƙar ƙasar nan mai tsagewa da rani. Tana kumbura da damina ta tsuke da rani, in ka yi ciko da ita daɓen ɗaki zai dare.

Ka nisanci gidaje da makaranta da maƙabarta da rijiya da burtali. Mita 50 daga gida mafi kusa shi ne ƙaramin abin da ya dace, in da hali a ninka. Kada a haƙa a gefen titi ko gindin kwalbati ko bakin rafi, domin ruwan damina yana kama bakin ramin ya mai da shi kwazazzabo, ya ci hanya. Manyan layukan lantarki suna da haraminsu: mita 25 a kowane gefe ga layi mai ƙarfin kilovolt 330, mita 15 ga mai kilovolt 132. Inda ka ga alamun bututun mai ko na gas ko wayar sadarwa da aka binne, ka bar wurin kawai.

Wani abu da ya shafi yankunan zinariya: kada ka ɗebi ƙasar da masu haƙar zinariya suka zubar, ko wadda aka niƙa aka wanke, ka kai gida wai don ta zo da araha. Gubar dalmar da ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara a 2010 daga irin wannan dutse da ƙurarsa ta shiga gidaje.

3. Izini da takarda

Ka fara da mai filin, sannan mai unguwa ko dagaci. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu: iyakar wurin, zurfin da ba za a wuce ba, ta ina mota za ta shiga, nawa za a biya, da wanda nauyin gyara ramin yake kansa in an gama. Wannan na ƙarshe shi ake mantawa, shi ne kuma yake jawo shari'a.

In sayarwa za ka riƙa yi, maganar ta wuce mai gona. A Najeriya dokar ma'adinai ta 2007 ta sa yashi da tsakuwa da marmara cikin abubuwan da ake neman lasisi kafin a haƙa don kasuwanci, kuma Ofishin Rajistar Ma'adinai na tarayya ne yake bayarwa, na shekara biyar, ana sabuntawa. Takardun da Turanci suke, kuma kalmomi biyu za ka yi ta cin karo da su. Injiniyoyin hanya suna kiran ramin da ake ɗibar ƙasa a kai wani wuri a cike da sunan borrow pit, da wannan suna za ka gan shi a takardar kwangila. Quarry kuwa a bakin mutane wurin fasa dutse ne, amma a doka ta haɗa har da ramin yashi da na marmara. Saboda haka in jami'i ya miƙo maka fom mai wannan suna, kada ka ce ai kai ba dutse kake fasawa ba, naka ne. Jihohi da ƙananan hukumomi ma suna da nasu ƙa'idoji da haraji, ka tambaya a sakatariya kafin tifa ta fara zirga-zirga.

4. Ramukan gwaji

Kada ka tara leburori sai ka ga cikin ƙasar da idonka. A haƙa ramuka huɗu a kusurwoyi da ɗaya a tsakiya, kowanne mita 1 da mita 1, zurfin da bai wuce mita 1.2 ba. In filin babba ne, a yi su duk bayan mita 15 zuwa 20. A jikin kowanne ka auna kaurin baƙar ƙasar sama, da inda ƙasa mai kyau ta fara, da inda ta ƙare. Ka bar su su kwana. Wanda ka tarar ruwa ya tsattsafo a cikinsa da safe ya gaya maka iyakar zurfinka.

Sai gwajin ƙasar kanta. Ka zuba ta a kwalba zuwa kashi ɗaya cikin uku, ka cika da ruwa saura kaɗan, ka sa gishiri rabin cokalin shayi, ka girgiza sosai, ka ajiye. Tsakuwa da yashi suna kwanciya cikin minti guda, lallausar ƙasa ta biyo baya cikin awa ɗaya ko biyu, yumɓu kuwa sai ya kwana ko fiye. Washegari ka auna kaurin kowane hawa. Marmarar hanya mai kyau wajen rabinta tsakuwa ce, kashi 20 zuwa 40 yashi, kashi 10 zuwa 25 yumɓu mai riƙe su. In yumɓu ya yi yawa hanya za ta yi santsi da damina, in ya yi kaɗan tayar mota za ta watsar da tsakuwar da rani. Mai tubali shi ya fi son yumɓu da ɗan dama, mai ciko kuma gara yashi da tsakuwa su rinjaya.

In babu kwalba, ka jiƙa ƙasar ka murza a tafin hannu ta yi kaurin fensir. In ta ƙi murzuwa tana wargajewa, yashi ya yi yawa. In ta miƙe ta wuce tsawon tafin hannu ba ta karye ba, yumɓu ya yi yawa. Wadda ta murzu ta karye a tsakanin nan ita ake nema. In ka gama, ka mayar da ƙasar ramukan gwajin da ba su faɗo cikin shatar aiki ba, don dabba ko yaro kada ya afka.

5. Shata wuri da kwashe ƙasar sama

Ka kafa turaku a kusurwoyi ka ja igiya. Don kusurwa ta tsaya daidai, auna mita 3 a gefe ɗaya, mita 4 a ɗayan, tsakanin ƙarshensu ya zama mita 5. Ka ja igiya ta biyu a ciki, ita ce iyakar ƙasan rami, tazarar da ke tsakanin igiyoyin biyu kuwa ta gaɓa ce.

A sare ciyawa da ƙananan itatuwa, a bar manyan bishiyoyi da tazarar akalla inuwarsu. A kwashe baƙar ƙasar sama, yawanci santimita 15 zuwa 30, a tara ta gefe guda can nesa da bakin rami, tsibin kada ya wuce mita 2. Kada a sayar da ita, kada a cakuɗa ta da marmara. Saiwoyi da ruɓaɓɓen ganyen da ke cikinta suna sa ciko ya lotsa, ga shi kuma da ita za a raya wurin in an tashi.

6. Hanyar ruwa da hanyar mota

Ta gefen tudu, mita 2 zuwa 3 daga baki, a yi 'yar magudana mai zurfin santimita 30 ta kewaye ramin ta zubar da ruwa can gaba. Ƙasan ramin kuma kada a yi shi shimfiɗe sak. A karkatar da shi santimita 2 zuwa 3 a kowace mita zuwa kusurwa ɗaya, tiyon ruwa zai nuna maka bambancin. In wurin gangare ne, ka buɗe ramin ta ɓangaren gangaren, ruwa ya fita da kansa. Wannan shi ne ramin da ya fi kowanne sauƙin sha'ani. In fili ne shimfiɗaɗɗe, a yi ɗan gurbi a kusurwar ruwa ya taru a kwashe. Injin jan ruwa mai fetur a sama ake ajiye shi, tiyo kawai zai sauka, saboda hayaƙinsa yana taruwa a rami ya sumar da mutum ba tare da ya ankara ba.

In mota za ta sauka ciki, gangarar ta yi faɗin mita 4, kuma duk saukar mita 1 ta ci tsawon mita 10. Ramin mita 2.4 ke nan yana son gangara mai mita 24. In filin bai kai ba, kada a matsa. A riƙa turo ƙasa da baro ana tarawa a sama, mota ta yi lodi a can.

7. Haƙa

Kubik ɗaya na ƙasa mai danshi yana kai tan 1.6 zuwa 2, nauyin buhun siminti 32 zuwa 40. Gaɓar da ta ɓalle ba ta tsayawa a kubik ɗaya, kuma tana saukowa cikin ƙiftawar ido, ba wanda yake tsere mata. Mutumin da ƙasa ta kama zuwa ƙirji ma yana iya mutuwa kansa a waje, domin duk numfashin da ya fitar ƙasar tana ƙara matse shi, ba ya iya jan wani. Don haka maganar wai ramin bai kai tsayin mutum ba, ba hujja ba ce, musamman da yake mai haƙa a sunkuye yake aiki.

Ana haƙa daga sama zuwa ƙasa, hawa-hawa. A saukar da filin duka zuwa mita 1 ko 1.2. Kafin a shiga hawa na biyu, a ja ciki a bar dakali mai faɗin mita 1.5 zuwa 2 a gefe, sannan a sake sauka mita 1.2. Kowace fuska da mutum yake sara kada ta wuce ƙirjinsa. Dakalin nan yana rage nauyin da ke kan gindin gaɓa, yana tare abin da ya gangaro, kuma hanyar baro ce.

In ba a yi dakali ba, sai a kwantar da gaɓa. Ma'aunin da dokar kare ma'aikata ta Amurka ta gindaya, wanda injiniyoyi da yawa suke bi, shi ne: a ƙasa mai tauri da danƙo, duk zurfin mita 1 a ja baya santimita 75, a matsakaiciya, a ja baya mita 1, a yashi ko ƙasar da ruwa ke tsattsafowa, mita 1 da rabi. Ƙasar da aka taɓa haƙawa aka mayar, ko ta gefen hanyar manyan motoci, kada ka lissafa ta a mai tauri ko da diga tana tartsatsi a kanta. In kana shakka, ɗauki ma'auni mafi kwanciya. Yadda ake gwadawa: ɗora bakin katakon nan mai mita 1 a jikin gaɓa ka riƙe shi a kwance daidai, ka sako zare mai dutse daga ɗaya bakin. In zaren ya sauka mita 1 kafin ya taɓa ƙasa, gaɓar ɗaya-da-ɗaya ce. In ya wuce haka, ta fi haka tsayuwa.

Yanzu ga abin da ke kisa. Masu haƙa sun san in suka sassaƙe gindin gaɓa suka yi mata kogo, saman zai faɗo da kansa, su sami ƙasar mota guda ba su sha wahala ba. Wasu kuma suna bin jijiyar ƙasa mai kyau suna kutsawa ƙarƙashi har su yi rumfa. Marmara tana yaudara a nan, domin samanta yana da ɓawo mai tauri, ƙarƙashinsa kuwa sau da yawa ƙasa ce mai laushi. Ɓawon zai tsaya kwana da kwanaki har a saki jiki, wani ma ya shiga inuwarsa ya ci abinci, sannan ya karye a lokaci ɗaya. Ko tafin hannu guda ba a yarda a shiga ƙarƙashin gaɓa ba. In an wayi gari an tarar da baki ya rataya, a kore kowa daga ƙasa, a tsaya a sama can baya a ture shi da dogon dagi.

Faɗa kaɗai ba ya hana wannan, tsarin biya ne yake hanawa. In kana biyan leburori a kan kowace tifa, kai da kanka ka tura su gindin gaɓa. Gara ka shata wa kowane mutum biyu yankinsu da turaku, misali mita 3 da mita 2, zurfin mita 1, ka biya in sun saukar da shi daidai. Ka kuma sa heluma ɗaya wanda ba ya riƙe diga, aikinsa kallon gaɓa da busa usur, kuma in ya ce a fito ba mai musu.

Sauran ƙa'idojin ba su da yawa. Tsakanin mai diga da mai diga a bar mita 3. Kada wani ya yi aiki a dakalin ƙasa daidai ƙarƙashin wanda ke sara a sama. Ƙasar da aka fitar kada a tara ta kusa da baki, a bar akalla mita 1. Da zarar zurfi ya kai mita 1.2 a sa tsani, kansa ya zarce baki da mita 1, kuma kada tazarar mutum da mafita ta wuce mita 7 zuwa 8. Ba a barin mutum ɗaya a rami shi kaɗai, ba a ɗaukar yara aiki, masu tallan abinci su tsaya a sama. Marmarar da ta ƙi saruwa da rani, a yayyafa wa daɓen ramin ruwa da yamma, da safe za ta yi laushi. Gaɓa kuwa ba a jiƙa ta.

In katafila aka ɗauko, kowa ya fita daga iyakar da hannunta yake kaiwa, mutum ɗaya ne zai riƙa yi wa direba ishara. Ka tsaya a kansa ya gyara gaɓa kafin ya tafi, domin direban haya sauri yake yi, zai bar maka bango a tsaye mai mita 3 wanda leburori za su zo su tsaya a gindinsa gobe.

8. Lodi

Tifa kada ta matso bakin rami fiye da zurfinsa: in zurfin mita 2 ne, tayarta ta tsaya mita 2 daga baki ko fiye. A ajiye gungume ko manyan duwatsu a matsayin waigi, a sa mai duba mata baya. Nauyinta da girgizar injinta sun isa su karya gaɓar da ta yi wata guda a tsaye. Ka auna bodin motar da kanka, kada ka tsaya ga sunan da direba ya kira ta. Bodi mai mita 3.5 da 2.2 da 0.6 yana cin kubik 4.6, ke nan kubik 78 ɗin nan sawu 17 ne. A tsince manyan duwatsu da saiwoyi tun a rami. In za a ratsa gari, a rufe da tamfol.

9. Dubawa

Kowace safiya kafin kowa ya sauka, da bayan kowane ruwan sama, heluma ya zagaya sama da ƙasa. Abin da yake nema: tsaga a saman ƙasa mai bin tsawon baki, wadda takan fito a tazarar rabin zurfin ramin ko fiye kaɗan, gaɓa ta yi ciki daga ƙasa, rairayi ko 'yan tsakuwoyi suna zubowa ba wanda ya taɓa, ruwa yana tsattsafowa a jiki, turke ko bishiyar baki ta karkata. Ko ɗaya aka gani, a tsayar da aiki a wannan gefe, a sauke shi ta sama. Tsagar ba a cike ta da ƙasa a ce an gyara. Bayan ruwa mai ƙarfi a ba ramin yini guda ya tsane. Ruwan farko na damina ya fi haɗari, saboda yana shiga tsagogin da rani ya buɗe ya jiƙa gaɓar ta ciki alhali fuskarta a bushe take. In da zaɓi, a yi aikin daga bayan kaka zuwa bazara.

10. In ta rufta

Kada jama'a su ruga ciki, gaɓar da ta ɓalle sau ɗaya takan sake. A kashe injin duk motar da ke kusa, a kori 'yan kallo daga baki, wani ya kira 112 ko 'yan kwana-kwana, wani ya nemo mota. A ƙirga mutane, a sa alama inda aka ga mutumin a ƙarshe. Mutum biyu ko uku su shiga ta gefen da ke da lafiya, mai usur yana kallon gaɓa, a tokare abin da ya rage da katako ko ƙyaure in akwai. A tona da shebur a hankali, in an kusa a koma hannu da kwano. Ba a sa diga ko katafila a inda mutum yake. A fara buɗe fuska da ƙirji, a share baki da hanci. Kada a ɗaura masa igiya a ja, sai an tone shi har ƙafa. Ko ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau a kai shi asibiti, domin naman da aka danne yana sakin guba cikin jini mai lalata ƙoda bayan awanni.

11. In an tono abin da ba ƙasa ba

In ƙasusuwan mutum ne, a tsaya, a rufe, a sanar da mai unguwa da liman da 'yan sanda. In tukwane ne jere, ko mutum-mutumin yumɓu, ko kashin maƙera mai yawa, kada a fasa kada a kwashe, a ɗauki hoto a yadda suke a sanar da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Tsofaffin mutum-mutumin yumɓu na Nok masu haƙar kuza ne suka fara cin karo da su a 1928, kwalekwalen Dufuna na Jihar Yobe kuma, mai shekara wajen 8,000, wani makiyayi ne ya taɓo shi yana haƙa rijiya a 1987. Sayar da irin waɗannan kaya ga dillalai laifi ne a doka.

12. Rufe rami

Ramin da aka bari a tsaye yana cika da damina, yara su shiga wanka su zame a gaɓa mai santsi su kasa fitowa. Ruwan kuma ya zama gidan sauro da katantanwar da ke yaɗa tsargiya. Tun daga farko ka ware kuɗin kwana biyu ko uku na leburori don wannan mataki, in ba haka ba ranar da aka kwashi sawun ƙarshe kowa zai watse.

A rushe dakalai a kwantar da gefuna, duk zurfin mita 1 a ja baya mita 3, yadda akuya da yaro za su iya hawowa. Duwatsu da ƙasar da aka ƙi a zuba su a ƙasa, a farfasa daɓen da tayar mota ta danne, sannan a baza baƙar ƙasar nan da aka ajiye a kai. A dasa jema ko gamba layi-layi a kan gangaren, a gicciye ba a tsaye ba, da darbejiya ko bagaruwa a sama. In jama'a sun nemi a bar shi tafkin shayar da dabbobi, a yi gefe ɗaya ya kwanta sosai a shimfiɗa masa tsakuwa, sauran a kewaye da ƙaya ko waya, kuma a rubuta wanda zai kula da shingen. A kira mai fili da dagaci su gani su sa hannu. Bayan ruwa biyu ko uku na farko a koma a duba, duk inda ruwa ya fara yanka 'yar hanya a jikin gangaren a toshe ta da duwatsu a sake dasa ciyawa.